Zazzaɓin filaye da masu jiran ranar da ba su sani ba

Bayan sallar isha'i ƙanena ya shigo da wata takarda a naɗe, ko zama bai gama yi ba ya baje ta a kan tabarma. Zanen filaye ne. An yanka gona an jera fuloti-fuloti, kowanne da lambarsa, wasu an soke su da jan biro alamar an sayar. Ya ɗora yatsa a kan guda uku da ke jere a bakin wani layi da aka rubuta wa "titi", titin da ko greda ba ta taɓa takawa ba. Ya ce, "Yaya, bara miliyan 2 ake sayar da su, yanzu 3 da rabi. Dillalin ya rantse kafin babbar sallah sai sun kai 5." Shirinsa shi ne ya zare rabin jarin shagonsa na yadi, ya ranto ragowar a hannun wani abokin kasuwancinsa da alkawarin biya cikin wata 6, ya kama ukun gaba ɗaya. In sun tashi ya sayar da biyu ya biya bashi, ɗaya ya zama nasa a ɓagas.

A makon nan dai na haɗu da wani tsohon abokin aikina a wajen ɗaurin aure. Shi tun 2019 yake da kuɗin fili a ajiye a banki, kuma tun lokacin maganarsa ɗaya ce: wannan haukar farashi ba za ta ɗore ba, bari ta faɗo in saya da araha. Kuɗin da a wancan lokaci za su saya masa fuloti, su kewaye shi da katanga har a sa ƙyaure, yau da ƙyar su kai rabin kuɗin filin kawai. Har yanzu yana jira.

Mutane za su ce ɗaya mai gaggawa ne, ɗaya mai haƙuri. Ni ban gan su haka ba. Ciwo ɗaya ke damunsu, domin kowannensu ya ɗora dukiyarsa a kan cewa ya san ranar da kasuwa za ta juya. Ƙanena ya yarda za ta ci gaba da hawa har zuwa ranar da zai fita, abokina ya yarda za ta faɗo kafin kuɗinsa su narke. Abin da nake so in faɗa, kuma zan faɗe shi da ƙarfi saboda na taɓa ƙonewa, shi ne wannan ranar babu wanda ya san ta, har da waɗanda aka biya miliyoyin daloli don su sani. Wanda ya fi tsira a irin wannan zazzaɓi shi ne wanda ya tsara sayensa yadda ba ya buƙatar sanin ranar kwata-kwata.

Babu inda aka ga haka a fili kamar Amurka a shekarun 2000. Bayan durƙushewar kamfanonin intanet da harin 11 ga Satumban 2001, babban bankin ƙasar ya dinga sauke kuɗin ruwa har ya kai kashi 1 cikin 100 a watan Yunin 2003, ya bar shi a nan shekara guda cur. Bashi ya zama kamar ruwan rijiya. A manyan birane 20 da ake auna farashin gidajensu, kuɗin gida ya ninka tsakanin farkon 2000 da tsakiyar 2006. Bankuna suka fito da wani nau'in bashi mai daɗin baki: shekara 2 na farko ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga nan kuɗin ruwan ya yi tsalle. Mai karɓa ya san ba zai iya biyan tsallen ba, mai bayarwa ma ya sani. Lissafin kowa shi ne kafin shekara biyun ta cika gidan ya ƙara kuɗi, a sayar ko a sabunta bashin. A 2005 kusan gida 4 cikin kowane 10 da aka saya a ƙasar ba don mai shi ya zauna a ciki dindindin aka saya ba, na jari ne ko na hutu. A Miyami ana sayen ɗaki a benen da ba a ma kafa tubalinsa ba, a sayar da takardar ga wani kafin a zuba dakali. Duk wanda ya ga yadda ake cinikin awon igiya a bayan garin Kano, takarda na yawo daga hannu zuwa hannu ba wanda ya je ya taka filin, ya san wannan rawar.

Daga tsakiyar 2004 babban bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa kaɗan-kaɗan, sau 17 a jere, har ya kai kashi 5.25 a Yunin 2006. A daidai nan farashin gidaje ya tsaya. Tsayawar kawai ta isa, domin duk ginin an ɗora shi ne a kan cewa gobe za ta fi yau. Daga nan aka fara gangara, kuma ba a daina ba sai farkon 2012. A ƙasar baki ɗaya gidaje sun zubar da kusan kashi 27 cikin 100 na darajarsu, a Las Begas da Finiks kuwa fiye da rabi. Bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumban 2008, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu.

Mai jira zai ji wannan labari ya ce, to ai ka gani, da gaskiyata, faɗuwa na zuwa. Sai dai a duba waɗanda suka hango faɗuwar da idonsu yadda ta kaya musu. Wani masanin tattalin arziki a Washinton, Dean Baker, tun 2002 ya rubuta cewa farashin gidaje ya kumbura fiye da ƙima. Gaskiya ya faɗa, amma sai da farashi ya ƙara shekara 4 yana hawa. Wanda ya ji maganarsa a 2002 ya sayar da gidansa ya koma haya, ya sha kallon maƙwabta suna ƙara arziki shekara bayan shekara yana biyan kuɗin haya, kuma da wuya zuciyar ɗan Adam ta jure wannan. Da yawa sukan gaji su koma su saya a kusa da ƙololuwa, a lokacin da ya fi kowane lokaci muni. Farfesa Robert Shiller na jami'ar Yale, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2013, ya yi nasa gargaɗin a 2005, shi ma bai ba da rana ba. Michael Burry, likitan da ya koma juya kuɗin masu jari, ya fara cacar cewa basussukan gidaje za su ruɓe tun 2005. Sai da ya shafe kusan shekara 2 yana biyan kuɗin riƙe cacar ba ya karɓar komai, masu kuɗin suna ta da jijiyar wuya suna neman a mayar musu da dukiyarsu, kafin 2007 ta gaskata shi. Da an yi jinkirin wata shekara guda, da wataƙila yau ba wanda ya san sunansa. Shi kuwa John Paulson, wanda kamfaninsa ya ci kusan dala biliyan 15 a 2007 daga wannan faɗuwa, aka dinga kiransa mai gani har hanji, a 2011 ɗaya daga cikin manyan asusunsa ya yi asarar kusan rabin kuɗinsa saboda ya ƙaddara farfaɗowar da ba ta zo a kan lokacinsa ba. Mutum ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya, ma'aikata da na'urori iri ɗaya.

Matsalar ita ce mai farautar lokaci sai ya dace sau biyu. Ya dace da ranar fita, ya kuma dace da ranar komawa. Ta biyun ta fi wuya nesa ba kusa ba, domin ranar da kaya suka fi araha ita ce ranar da tsoro ya fi yawa. A 2011 da 2012, da gidaje suka zube a Amurka, talakan da ya yi shekaru yana cewa zai saya in sun faɗo bai saya ba. Ko aikinsa ya tafi, ko banki ya daina ba irinsa bashi, ko kuma yana jiran su ƙara faɗuwa. Manyan kamfanoni irin su Blackstone ne suka shigo da tsabar kuɗi suka kwashe dubun-dubatar gidaje suka zuba 'yan haya. Haka a 2020, da annobar korona ta rufe duniya, masana da yawa sun ce gidaje za su karye. Suka tashi da kusan kashi 40 cikin 100 cikin shekara 2, saboda kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauko ƙasa da kashi 3. Wanda ya jira a nan ma ya tashi a tutar babu, domin kafin ƙarshen 2022 kuɗin ruwan ya haura kashi 7, gidan kuma bai sauko ba.

To wa ya tsira a wancan rikici? Mutumin da ba a yin labarinsa. Ya sayi gida daidai ƙarfinsa, da bashin da kuɗin ruwansa ba ya motsi, ya zauna a ciki da iyalinsa. A takarda gidansa ya faɗi a 2009, amma rufin bai zuba ba, ɗakunan ba su ragu ba, kuma ba wanda ya tilasta masa sayarwa. Zuwa ƙarshen 2016 farashin gidaje a ƙasar ya koma inda ya baro a 2006. Haka ma wanda ke zuba ɗan abin da ya samu kowane wata a hannun jarin manyan kamfanoni 500 na ƙasar. Ma'auninsu ya faɗo daga 1,565 a Oktoban 2007 zuwa 676 a ranar 9 ga Maris 2009, fiye da rabi ya tafi. Wanda ya firgita ya sayar a nan ya mayar da asarar takarda ta zama ta gaske. Wanda ya ci gaba da zubinsa kamar adashi ya sayi da tsada a 2007, ya sayi da araha a 2009 ba tare da ya san araha ce ba, kuma zuwa Maris 2013 ma'aunin ya wuce tsohon matsayinsa. Warren Buffett, wanda har yanzu yake zaune a gidan da ya saya a Omaha a 1958 kan dala 31,500, ya rubuta a jarida a Oktoban 2008 cewa yana sayen hannun jarin kamfanonin Amurka, ya kuma faɗa a fili cewa bai san inda kasuwa za ta nufa nan da wata guda ko shekara guda ba. Bayan rubutun nasa kasuwar ta ƙara zubewa da fiye da kashi 25. Bai dace da rana ba, kuma bai cutu ba, saboda kuɗin nasa ne, ba mai bin sa bashi da zai buga masa ƙofa.

A nan ne nake so a tsaya a fahimce ni, domin kalmar haƙuri tana da sauƙin faɗa. Mukan ɗauke ta a matsayin halin zuciya kawai. A harkar jari, haƙuri abu ne da ake tanada tun ranar saye. Wanda ya sayi fili da bashin wata 6 ba shi da haƙurin da ya wuce wata 6, ko da kuwa ya fi kowa sanyin rai. Mai kuɗin ne ke riƙe da agogonsa. Wanda ya sayi fili da kuɗin makarantar yara, haƙurinsa zai ƙare ranar da aka koma hutu. Wanda ya zare jarin shago ya binne a ƙasa, ranar da kaya suka sauka a Kwari ba shi da abin sarowa, ranar ce zai kira dillali ya ce a sayar ko nawa ne.

Ni da kaina na koyi wannan a 2008, a nan gida. Bayan Charles Soludo, gwamnan babban bankin Najeriya na lokacin, ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, sai tallar hannun jari ta cika gari. A ofishinmu ba a hirar komai sai wane ya sayi na banki kaza ya ninka cikin wata 4. Na daɗe ina kallo, sai da na ga masinjanmu ma ya ci riba sannan zuciyata ta karye. Na shiga a ƙarshen 2007, kuma ban tsaya a kuɗina ba, na karɓi bashin da wani banki ke bayarwa don a sayi hannun jari, hannun jarin ne kuma jinginar. Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya kai 66,371, daga nan ya juya. Kafin shekara ta zagayo ya zubar da kusan kashi biyu cikin uku. Ina tuna ranar da aka kira ni aka ce jinginata ba ta kai bashin ba, ko in ciko ko a sayar. Ina tsaye a bakin famfon masallacin ofis da buta a hannu, na gama alwala ban san na gama ba. Aka sayar a farashin da bai kai kwatan abin da na saya ba, na kuma shafe shekara 3 ana yankar albashina don cike giɓin abin da ba ya hannuna. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna 5 ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su rushe, irin wannan bashi na cikin abin da ya kwantar da su. Abokan aikina da suka saya da kuɗinsu a kamfanoni masu ƙwari sun ji jiki, amma sun ci gaba da karɓar ribar shekara-shekara. Ni ba a ba ni damar jira ba, domin na sayar da damar tun ranar da na sa hannu a takardar bashi.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don yana da nauyi. Haƙuri ba ya wanke kowane saye. Wancan ma'auni na Legas bai koma 66,000 ba sai a Agustan 2023, shekara 15 ke nan, kuma a 2008 dala tana wajen naira 118, a 2023 ta haura 750. Wanda ya saya a ƙololuwa ya zauna, nairorinsa sun dawo, ƙarfinsu bai dawo ba. A Japan abin ya fi haka. Ma'aunin Nikkei na kasuwar hannun jarinsu ya kai 38,915 a ƙarshen Disamban 1989, lokacin da filayen Tokiyo suka yi tsadar da hankali ba ya ɗauka, bai sake ganin wannan lamba ba sai Fabrairun 2024. Shekara 34, yaron da aka haifa a lokacin ya yi aure ya haihu. A Dubai, inda 'yan kasuwarmu da yawa suka sani kamar tafin hannunsu, gidaje sun faɗi da kusan rabi tsakanin 2008 da 2009, wasu benayen da aka karɓi kuɗin mutane a kansu ba a taɓa gina su ba. A Sin, dubban iyalai sun biya kamfanin Evergrande kuɗin gidajen da ba a gama ba kafin ya kasa biyan bashinsa a 2021. Waɗannan duk sun jira, jiran bai amfane su ba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a rana ɗaya, a abu ɗaya, a farashin zazzaɓi, shi ma ya yi cacar lokaci, ko da daga baya ya zauna shekara 20 bai motsa ba. Saye a hankali, kashi-kashi, a tsawon shekaru, a abubuwa fiye da ɗaya, shi ne abin da nake karewa, kuma shi ya bambanta mai adashin wata-wata da wanda ya juye gadonsa gaba ɗaya a Maris 2008.

Mu Hausawa mun saba da wata irin kasuwar lokaci, shi ya sa wannan tarko ke kama mu da sauƙi. A sayi hatsi da kaka, a zuba a sito, a fitar da bazara. Wannan yana aiki ne saboda kaka da bazara suna da kalandar da Allah ya tsara, kowa ya san watan da rumbu ke cika da watan da yake ƙarewa. Ko a nan ma, waɗanda suka tara masara da shinkafa a ƙarshen 2024 suna jiran tsadar da suka saba, sun ga yadda farashi ya sauko a 2025 bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci, da yawa sun fitar da kaya ƙasa da yadda suka saro. In hatsi mai kalanda zai iya yin haka, ina ga fili da ba shi da kaka, ba shi da bazara?

Za a ce mini fili ba ya ruɓa, kuma a Kano ba a taɓa ganin ya faɗi ba. Akwai gaskiya a ciki. Mutane na ƙaruwa, gari na faɗaɗa, wanda ya san Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri suna gonaki ya ga abin da suka zama. Wanda ya riƙe fili a Gwarimpa ko Lugbe tun bayan da aka mayar da gwamnati Abuja a Disamban 1991 bai yi nadama ba. Amma a lura, duk waɗannan labaran na shekara 15 ne, 20, 30. Ba na wata 6 ba ne. Sannan dalilin da ya sa ba ma ganin faɗuwar fili shi ne ba shi da allon farashi kamar hannun jari. Idan kasuwarsa ta mutu, ba a sanarwa, tsayawa kawai take yi cak. Mai fili yana nan yana cewa nasa miliyan 10 ne, dillali yana gyaɗa kai, wata 8 ba wanda ya taya. Farashin gaskiya yakan fito ne ranar da aka kwantar da mahaifiyar mutum a asibiti, ko mai bashi ya zo da shaidu. Ranar zai ji ana taya masa 6, kuma a ce a biya kashi biyu. Ga la'adar dillali a shiga da fita, ga na mai unguwa da shaidu, ga kuɗin neman amincewar gwamna in filin mai takardar mallaka ne, domin dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna kuma ba a canja hannu a hukumance sai da yardarsa. Mai saye da sayarwa sau uku a shekara yana biyan waɗannan sau uku. Mai riƙewa shekara 15 sau ɗaya ya biya.

Akwai kuma wata yaudarar da naira ke yi mana. A ɗauki misali: mutum ya sayi fuloti naira miliyan 2 a 2015, lokacin dala tana wajen naira 200, wato dala 10,000. Ya sayar da shi miliyan 10 a 2024, dala ta haura 1,500. Yana murna ya ninka sau 5, alhali abin da ke hannunsa bai kai dala 7,000 ba. Ya auna da buhun siminti, wanda ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, zai ga abin da nake nufi. Wani ɓangare mai yawa na tashin filaye da muke gani faɗuwar naira ce ta sa rigar riba. Wannan lissafi yana sara ta gefe biyu. Yana gaya wa ƙanena cewa ribar da yake hangowa ba ta kai yadda dillali ke zana ta ba. Yana gaya wa abokina abin da ya fi wannan ɗaci: mai filin ya riƙe kashi biyu cikin uku na ƙarfin kuɗinsa, shi da ya ajiye miliyan biyun a asusu ya tashi da abin da bai kai dala 1,400 ba. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, zama da tsabar naira ana jiran faɗuwa asara ce da ake yi kullum ba tare da an ji ƙararta ba. Ko da filaye sun sauko da kashi 20 gobe, ba su sauko inda ya bar su a 2019 ba.

Wani abin da masu gudu ba sa ba shi lokaci shi ne takarda. Zazzaɓi na sa mutum ya biya kafin alƙalami a kan fili bai je ma'aikatar ƙasa ya bincika ba, don an ce masa akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi da yamma. Wanda ya ga rusau ɗin Abuja zamanin da Nasiru El-Rufa'i ke minista tsakanin 2003 da 2007, ko wanda aka yi a Kano a Yunin 2023, ya san cewa gini mai tsada na iya zama tarin ɓaraguzai cikin dare ɗaya idan asalin filin na da magana. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku, filin gado da wani magaji bai sa hannu ba, filin da ya hau hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, kotunanmu cike suke da su. Binciken da zai kare mutum daga wannan yakan ci makonni, kuma makonnin nan su ne abin da mai farautar lokaci yake ganin ba shi da su.

Ina ganin akwai alhaki a kan hukuma da malamai da masu faɗa a ji a nan. Muddin ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa ba su da wurin ajiyar da zai riƙe darajar guminsu, kuma wanda zuciyarsu ta natsu da halaccinsa, to fili za su ci gaba da rugawa, ko su faɗa hannun irin su MMM da ta kwashe kuɗin jama'a a Disamban 2016. An fara wani abu: bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya buɗe a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Amma mutum nawa a Kurmi ko Dawanau aka zauna aka yi wa bayanin yadda ake shiga, da Hausa, ba tare da an raina shi ba? Jihohi kuma su sauƙaƙa binciken takardar fili, ya zama abin kwana biyu da kuɗi sananne, domin duhun da ke cikin harkar shi ne abincin masu cewa yau ko ka rasa.

Daren nan mun daɗe da ƙanena. Na ɗauko biro na ce ya rubuta abin da shagonsa ke kawowa a wata, da abin da zai kawo in rabin kayan sun tafi. Na ce ya rubuta ranar da bashin zai cika, sannan ya gaya mini abin da zai sayar in ranar ta zo ba mai taya filin. Ya yi shiru yana kallon takardar, ya ce, "Sai dai motar." Na ce, bayan motar fa? Bai amsa ba. Na ga ransa ya ɓaci, kuma na san dalili: yana ganin sa'o'insa suna wuce shi, ni kuma ina riƙe masa riga. Na gaya masa labarin butar nan da famfon masallaci, wanda ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba.

Bai sayi ukun ba. Ya ɗauki mako 3 yana zirga-zirga tsakanin dagaci da ma'aikatar ƙasa, a nan ya gano biyu daga cikinsu suna kan inda aka tsara magudanar ruwa. Na ukun ya saya da kuɗin da ya tara a gefe, bai taɓa jarin shago ba, bai ranci sisi ba. Ya zuba bulo 200 ya ja harsashin katanga, ya dasa darbejiya biyu a kusurwa, ya ce duk wata zai ƙara abin da ya sawwaƙa. Dillalin ya kira shi bayan sallah ya ce an taya filin da ƙarin dubu 700, ko zai saki? Ya ce masa yaronsa na fari yana aji 2 a firamare, a sake kiransa in ya gama sakandare.